Ƙofar da aka ce wai ta ɓalle

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wani abokina ya kira ni, muryarshi na rawa. Sitaj yake yi a wani ƙaramin biro, inda aka damƙa mishi kula da kwamfuta guda mai riƙe da lissafin albashi da takardun kuɗi. Babban tekinisiyen wurin yana Yamai, daga can yake shiga kwamfutar ta intanet in zai yi aiki. To a daren nan sai wani ya turo ma abokin nawa saƙo: wai an gano ɓaraka a SSH, manhajar da ake shiga kwamfuta da ita daga nesa, wai ɓarayin intanet na shiga ba kalmar sirri, wai masu manhajar sun sani suna ɓoyewa. A ƙarƙashin saƙon an liƙo wani ɗan fayil, an ce a tayar da shi a ga ko kwamfutar mutum na cikin waɗanda abin ya shafa. Ba sunan wanda ya gano, ba lambar rajista irin wadda ake ba ɓarakar da aka tantance, mai farawa da CVE. Saura kwana uku a yi albashi. In ya rufe ƙofar, na Yamai ba ya iya shiga, mutane su kwana ba kuɗi. In ya bar ta buɗe kuma labarin ya zam gaskiya, amanar da aka ba shi ta tafi. Ya ce mini: "Kai da kake son gardamar falsafa, ga ta nan, gaya mini abin da zan yi."

Ga waɗanda ba su karanta anformatik ba: SSH ƙofa ce. Wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙire ta a 1995, bayan an kama ana satar kalmomin sirri a layukan jami'arsu ta Helsinki. Wadda aka fi amfani da ita yau ita ce OpenSSH, da ƴan aikin OpenBSD suka fitar a ƙarshen 1999, kyauta, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. Bankuna, jami'o'i, kamfanonin waya, duk ta wannan ƙofa ma'aikatansu ke shiga manyan na'urorinsu. Wanda ya samu hanyar ɓalle ta kamar ya samu makullin da ke buɗe gidajen gari guda ne.

Da na kai maganar fada washegari, nan take aka rabu biyu. Wasu suka ce gani ya kori ji, jita-jita ce, mai hankali ba ya tashi tsaye a kan "wai". Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, in kunne ya ji jiki ya tsira, a rufe komi kuma a tura saƙon ga duk wanda aka sani. Har shayi na uku ya huce ba a daidaita ba. Ni abin da na lura shi ne kowane ɓangare ya ƙulle abu biyu cikin ƙunshi guda. Na farko sun ce tunda ba mu tabbatar ba, kada mu faɗa kuma kada mu yi komi. Na biyu sun ce tunda zai iya zama gaskiya, mu yi kuma mu faɗa. Alhali aikin da mutum zai yi a ƙofar gidanshi da maganar da zai saki cikin gari ba hujja iri ɗaya suke bukata ba. Wannan shi ne ra'ayina, kuma tarihin ita OpenSSH ɗin ne ya koya mini shi.

A farkon watan Yuli na 2009 irin wannan labari ya tashi a duniyar masu kula da na'urori. Aka ce wata ƙungiya mai kiran kanta anti-sec tana da hanyar fasa tsofaffin zubin OpenSSH, musamman 4.3, wadda na'urori da yawa ke aiki da ita a lokacin. Hujjar da ke yawo ita ce wani rubutu mai nuna kamar ana cikin fasa wata kwamfuta, wanda ko ni da kai za mu iya zama mu rubuta shi da hannu. Tsoro ya shiga mutane. Wasu kamfanonin da ke ba da hayar na'urori suka datse ma abokan cinikinsu hanyar SSH baki ɗaya. Damien Miller, ɗaya daga cikin manyan masu rubuta manhajar, ya bi sawun abin. Ya duba bayanan da wani da aka ce an fasa ya ba shi, ya tarar abin da ke ciki ya fi kama da tsohuwar sana'ar nan ta gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya har a dace. Ya fito ya ce shi bai gamsu akwai ɓarakar ba, don abin da ke hannu bai wuce jita-jitar marasa suna da rubutun da ba a iya tantancewa ba. A lura da yadda ya yi maganar: ya tsaya kan cewa ba a nuna mishi hujja ba, bai rantse cewa manhajarsu ba ta da aibi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Cikin wannan ruɗani sai wani fayil ya bayyana, aka ce shi ne makamin da ake fasawar da shi. Masu son su gwada na'urorinsu suka ɗauka, masu son su fasa na wasu ma suka ɗauka. Fayil ɗin yana neman a tayar da shi da cikakken ikon mai gida a kan kwamfuta. Wanda ya yi haka, umurnin da aka ɓoye a ciki sai ya hau goge duk abin da ke kwamfutarshi shi kanshi. Ɓarakar da aka yi ta tsoro ba a taɓa tabbatar da ita ba, amma ɓarnar da tsoronta ya jawo ta tabbata. Kuma dabarar ba ta mutu ba: a Yulin 2024, bayan kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka ta gaske a OpenSSH, an sake ganin fayilolin bogi na yawo da sunan kayan gwaji, cike da cuta.

Ke nan ɓarawo ba lalle sai ya ɓalle kwaɗo ba. Ya isa ya tsaya bakin titi ya yi ihu cewa kwaɗon nan naku ba ya riƙo, ga wani ku gwada, mai gida da hannunshi ya cire mai kyau ya sa na ɓarawo. Su ƴan "a tura ma kowa" na fadarmu, da niyyarsu mai kyau, ƴan aiken wannan ɓarawo za su zama ba su sani ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ƴan "gani ya kori ji" sun ci gardama. Amma akwai 2002.

A watan Yuni na shekarar, Theo de Raadt, jagoran OpenBSD, ya sanar da cewa akwai wata muguwar ɓaraka a OpenSSH da za a bayyana nan da ƴan kwanaki, kuma ba zai faɗi inda take ba. Ya ce kowa ya koma zubi na 3.3 ya kunna wani sabon tsari da ke raba iko cikin manhajar, yadda ko an fasa sashen da ke fuskantar waje ba a samu dukan gidan ba. Ga wanda ke zaune gaban na'urarshi a ranar, wannan ma labari ne da ba ya iya tabbatarwa. Ba a nuna mishi komi ba, an ce dai ya yarda. Mutane da yawa suka ji haushi, kuma suna da dalili: sabon tsarin bai gama nuna ba, yana ba da matsala a wasu na'urori, har wasu suka yi zargin ana amfani da tsoro ne a tura su ga abin da ba su shirya karɓa ba. Ranar 26 ga Yuni bayani ya fito, tare da zubi na 3.4. Ɓarakar gaskiya ce. Sai dai ta bayyana cewa na'urori da yawa ba ta shafe su ba tun farko, kuma kashe wani zaɓi guda cikin saitin manhajar ya isa ya toshe babban ɓangarenta. Me ya sa ba a faɗi haka ba tun farko? Masu manhajar suka ce da sun faɗi sunan zaɓin, da sun nuna ma maɓarnata wajen da za su tona, layi kamar 500 cikin layi 27,000.

Har yau ban gama yanke ma wannan hukunci ba. Na fahimci dalilinsu. Amma akwai wani abu mai ɗaci cikin a ce ma baligi, mai kula da na'urar da shi za a tuhuma in ta lalace, ya yi biyayya ido rufe. An sa wasu sun kwana suna gyaran abin da bai ɓaci ba don a kare wasu da ba su sani ba. Wataƙila haka zaman tare yake. Abin da na tabbata shi ne wanda ya ce a ranar "ni sai na gani da idona" ya yi kuskure, domin ranar da zai gani da idonshi ita ce ranar da ɓarawo ma zai gani, kuma ɓarawo ya fi shi sauri.

To mene ne bambancin 2002 da 2009, tunda duka biyu mai sauraro ba shi da hujja a hannu? A 2002 mai maganar yana da suna, yana da fuska, kuma shi ne mai kayan. Ya tona aibin abin da ya gina, ya sa ranar da za a gane ko ƙarya yake. In ya yi ƙarya mutuncinshi na shekaru ya zube. A 2009 mai maganar ba shi da abin da zai rasa. Haka kuma abin da aka nemi mutane su yi ya bambanta. Na farko ya ce ka ɗauki gyara daga inda ka saba ɗauka. Na biyu ya ƙare da ka buɗe abin da baƙo ya miƙo maka cikin duhu. Ashe ko ba ka iya tantance labarin, kana iya tantance mai labarin da kuma abin da yake so hannunka ya aikata. Wannan ba ya bukatar digiri. Kakanninmu da shi suke auna ɗan kasuwar da ya zo da labarin cewa hanya ta ɓaci, a sayar mishi da kaya da araha.

Yanzu in koma kan abin da na ce, cewa aiki da magana ma'auninsu daban. A gidanka, ƙaramin shakku ya isa ya sa ka ƙara sakata. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai kula da na'ura yana da matakai da ba su cin kuɗi, ba su cutar da kowa, kuma in gari ya waye labarin ya zam ƙarya ana iya warware su cikin minti biyar, ko ma a bar su don dama sun kamata. Ya taƙaita wuraren da aka yarda a ƙwanƙwasa ƙofar daga gare su, maimakon duniya duka. Ya hana shiga da kalmar sirri, sai da makullin sirri na musamman. Ya hana a shiga kai tsaye da sunan mai cikakken iko. Ya duba rajistar shige da fice ko akwai baƙon sawu, ya tabbatar yana da kwafin ajiya a wani wuri, ya duba ko masu manhajar ko masu tsarin da yake amfani da shi sun fitar da faci. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke nufin ya gaskata jita-jitar. Datse ƙofar baki ɗaya kuwa wani abu ne daban, don a nan wasu ne za su biya: mai jiran albashi, mai haya, mai bashin kanti. Matakin da nauyinshi zai faɗa kan wasu yana son hujja mai nauyi daidai da shi, kuma ba ɗan sitaj ne zai yanke shi shi kaɗai da tsakar dare ba.

Magana ita ce mai tsada. Saƙon da aka turo ma abokina ya ƙunshi tuhuma: wai masu manhajar sun sani suna ɓoyewa. Mutane ne fa ake nufi, masu suna, waɗanda yawancinsu suka ba da shekarunsu suna rubuta abin da muke amfani da shi ba mu biya ko dala ba. Don ba mu san fuskarsu ba, suna Kanada ko Ostareliya, sai muke jin kamar ba mutuncin kowa muke taɓawa ba. Da a unguwa ne aka ce wai makerin nan yana sayar da kwaɗo yana ba ɓarayi makulli, ai da mun tambayi wa ya gani kafin mu maimaita. Ban da haka, kowane ihun ƙarya yana rage kunnen da zai saurari na gaskiya. Wanda aka tayar sau uku a banza, ran na huɗu juyawa zai yi ya ci gaba da barci. Sannan ga wata ɗabi'a tamu da na sha kama kaina da ita: labari na shigo mana da "wai", in za mu tura sai "wai" ɗin ta faɗi a hanya. Na biyar a layi ji zai yi "an fasa SSH", ƙarshen zance. Kalmar nan ƴar ƙarama ita ce gaskiyar da ke cikin saƙon, ita kuma muka fi saurin yarwa don labari ya fi daɗi ba ita.

Wani zai ce: to in kowa ya yi shiru sai ya tabbatar, wa zai fara faɗa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na wajen Andres Freund. Injiniya ne a Microsoft, aikinshi a kan manhajar PostgreSQL yake, ba ruwanshi da SSH. A Maris na 2024 ya lura cewa shiga wata na'urar gwaji tashi mai Debian ya ƙara jinkiri da kamar rabin sakan, kuma SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da kima. Rabin sakan! Mu da muka saba da rezo mai tafiyar hawainiya ko a jikinmu. Shi bai share ba, bai kuma ruga ya ce an fasa duniya ba. Ya zauna ya tona har ya kai ga tushe: wata ƙofar baya da aka dasa da gangan cikin xz, wata manhajar matse fayiloli, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi sama da shekara biyu yana taimako har aka amince da shi aka ba shi iko. Laifin ma ba a cikin OpenSSH yake ba, ta wata igiya ce da wasu tsarukan Linux suka ɗaura mata abin ya biyo. Da Freund ya yi ihu tun ranar farko, da mutanen da ba su ji ba su gani ba zai tuhuma, shi kuma mai laifin ya samu lokacin share sawu. Ya fara sanar da masu kula da tsaron Debian, sannan ranar 29 ga Maris ya fito fili, kafin abin ya kai ga yawancin na'urorin da ke aiki a duniya. Cikin bayanin nashi ya faɗi cewa shi ba masanin binciken tsaro ba ne, kuma akwai abubuwa da yawa da bai bincika ba. Ya ware abin da ya gani daban, abin da yake zato daban.

Na san yawancinmu ba Freund ba ne. Abokina ko an ba shi wata guda ba ya iya tona abin da wancan ya tona, ni ma haka. Amma abin da ke cikin halin nan wanda ya fi ƙwarewar muhimmanci kowa na iya shi. Shakkunka ka kai shi sama, wajen wanda zai iya dubawa, da sunanshi na shakku: ga abin da aka turo mini, ga wanda ya turo, ban tabbatar ba, ga abin da na yi kafin in ji daga gare ku. Wannan ba yaɗa jita-jita ba ne. Kuma wajibi ne, domin kwamfutar ba taka ba ce. Mai biro da tekinisiye suna da haƙƙin su san abin da ka ji game da dukiyar da ke hannunka, ko da zai sa a yi maka dariya gobe. A ganina a nan ne ƴan "gani ya kori ji" suka fi yin kuskure. Sau da yawa abin da muke kira natsuwa tsoron kunya ne kawai, kada a ce yaro ya firgita a kan banza. Mai riƙon amana ba shi da izinin ya sayi mutuncin kanshi da haɗarin kayan wasu.

Akwai wata gaɓa da ban warware ba, gara in faɗe ta. Ƙa'idar "duba mai magana" tana fifita wanda ya riga ya yi suna. Ɗalibi daga Damagaram ko Tawa da ya gano ɓaraka ta gaske, ba wanda ya san shi, Ingilishinshi na tangal-tangal, zai iya shan irin kallon da muke ma marar suna na 2009. Abin da kawai ke hannunshi shi ne ya kawo abin da wani zai iya maimaitawa: yi kaza a zubi kaza, za ka ga kaza. Hujjar da ake iya maimaitawa ba ta tambayar garinku. Amma kafin a kai ga gwada ta sai wani ya yarda ya buɗe wasiƙar, kuma ban da tabbacin kullum ana buɗewa.

Shi dai abokina bai taɓa fayil ɗin ba. Ya taƙaita ƙofar ga adireshin da tekinisiye ke shigowa daga gare shi, ya duba rajista bai ga komi ba sai tarin masu gwada kalmomin sirri da ba su rabuwa da kowace na'ura mai fuskantar intanet. Ya kwafe lissafin albashi ya ajiye gefe. Ƙarfe ɗaya saura ya aika ma na Yamai saƙo, da "wai" ɗinshi a wurinta. Amsa ba ta zo ba sai da hantsi, layi biyu: ya gode, zai duba, kuma wa ya ba shi izinin taɓa saitin katangar tsaro bai tambaya ba? Abokina ya nuna mini saƙon ranshi a ɓace. Na so in ce mishi tekinisiyen ya yi rashin adalci, sai na tuna adireshin nan da ya taƙaita ƙofar gare shi yana iya canjawa, kuma da ya canja a daren da mutumin ya wayi gari a waje, kwana biyu kafin albashi. An yi albashin a kan lokaci. Wanda ya turo saƙon farko, da aka tambaye shi inda ya samo, cewa ya yi shi ma turo mishi aka yi.